Shin Kiɗa Yana Ɓata Hali, Kuma Ana Gane Mutum Daga Waƙar Da Yake Ji?

Tambaya: Ɗana shekararsa 17, kullum iyafis na maƙale a kunnensa yana jin gambarar zamani irin ta Amurka. Yayana, wato kawun yaron, ya ce duk yaron da ke jin irin wannan kiɗa tarbiyyarsa ta riga ta tafi, har ya hana 'ya'yansa yawo da shi. Yaron dai yana sallarsa, yana karatunsa. Shin masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da cewa kiɗa yana canza yadda mutum ke bambance daidai da kuskure? Kuma da gaske ne ana iya gane halin mutum daga abin da yake saurare?

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Tambayoyi biyu kika haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko, i, kiɗa yana taɓa hukuncin da mutum ke yankewa, an gwada an gani, sai dai ba ta hanyar da yawancin iyaye ke tsoro ba. Ta biyu kuwa, a'a, abin da yaro ke saurare shaida ce mai rauni ƙwarai a kan halinsa, kuma hukuncin da kawunsa ya yanke shi kansa yana cikin abubuwan da masana suka fi yin bincike a kai. Maganar halasci ko haramcin kiɗa fagen malaman fiƙihu ne, su za ki tuntuɓa a kan wannan. Abin da zan kawo miki shi ne abin da aka auna a wurin gwaji, da abin da nake ganin yana nufi ga ɗanki.

Sai mun fara da yadda mutum ke yanke hukunci tukuna. Mun saba ɗauka cewa idan muka ce abu kaza bai dace ba, tunani muka yi, muka auna, sannan muka furta. A shekarar 2001 Jonathan Haidt, wani masani ɗan Amurka, ya kawo hujjoji cewa sau da yawa a juye abin yake: zuciya ce ke fara yin tsaki ko ta yi na'am cikin ƙiftawar ido, daga baya hankali ya zo yana nemo mata dalili. Ba kowane masani ne ya yarda da shi har ƙarshe ba, amma kusan kowa ya amince cewa yanayin da rai yake ciki yana shiga cikin hukunci. Wanda ransa ke ɓace ba ya sassauci kamar wanda ke cikin nishaɗi. Kiɗa kuwa yana cikin abubuwan da suka fi saurin juya yanayin rai. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar McGill da ke Montreal ta Kanada, ƙarƙashin Robert Zatorre, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna jin kiɗan da ke sa tsikar jikinsu tashi. Sun ga ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, wanda ke da hannu a jin daɗin abinci da samun kuɗi, kuma tana fara sakinsa tun kafin a iso gaɓar da mutum ke jira a cikin kiɗan. Wato jiran ma kansa daɗi ne.

Wannan taɓa rai ba sai an san harshen waƙar ba. Thomas Fritz na cibiyar Max Planck ta Jamus ya je wurin mutanen Mafa a duwatsun Mandara, arewacin Kamaru, ya nemo waɗanda ba su taɓa jin kiɗan Turawa ba, ya kunna musu gajerun kiɗe-kiɗe. A sakamakon da aka fitar a 2009, sun iya nuna wanne ne na murna, wanne na baƙin ciki, wanne na tsoro, fiye da yadda canki-canki zai bayar, ko da yake ba su kai Turawan da suka tashi da kiɗan ba. Saboda haka ɗanki ko bai fahimci rabin Turancin da ake zubawa ba, jikinsa yana karɓar zafin bugun da muryar.

To idan kiɗa ya juya rai, yana juya hukunci? Angelika Seidel da Jesse Prinz sun gwada wannan a New York a 2013. Wasu mutane an kunna musu wani kiɗan hayaniya mai cizon kunne, wasu kiɗa mai sanyi da faranta rai, wasu ba a kunna musu komai ba. Sannan aka ba kowa gajerun labarai ya yanke hukunci. Waɗanda hayaniyar ta harzuƙa sun fi tsananta wa mai laifi. Waɗanda aka faranta wa rai sun fi ganin taimakon mabuƙaci abu ne mai kyau, har ma wajibi. Da a nan aka tsaya, da sai mu ce kiɗa mai daɗi yana gyara mutum. Amma Naomi Ziv, wata mai bincike a Isra'ila, ta nuna ɗaya fuskar. A 2012 ita da abokan aikinta sun shirya tallan rediyo na ƙarya da ke tallata maguɗi, irin su haɗa takardun bogi don a ƙara kuɗin fansho. Waɗanda suka ji tallan da kiɗa mai daɗi a bayansa sun fi karɓar abin da ake tallatawa fiye da waɗanda suka ji zallar magana. A wani gwajin nata na 2016, mutanen da aka kunna wa kiɗa mai daɗi sun fi saurin amsa roƙon mai gwajin ko da roƙon zai cutar da wani mutum na uku. Abin da na ɗauka daga nan shi ne nishaɗi yana sassauta tsaron zuciya. Wanda ke cikinsa yana da saurin cewa "to", ko alheri aka kira shi ko akasinsa. Masu talla sun san wannan tun kafin masana su auna shi.

Dole in ja miki birki a nan, domin irin waɗannan gwaje-gwaje ana yawan kambama su a jaridu. Yawancinsu an yi su ne da ɗaliban jami'a 'yan ƙalilan, a ƙasashen Turawa, kuma abin da suke aunawa canji ne na mintoci kaɗan bayan an kashe kiɗan. A 2015 Justin Landy da Geoffrey Goodwin sun tattara gwaje-gwaje masu yawa na dangin wannan fanni, waɗanda ake tayar wa mutum da ƙyama sannan a ce ya yanke hukunci. Sun samu tasirin ƙarami ne, kuma da aka yi la'akari da binciken da ba a buga ba saboda bai samo komai ba, sai ya kusa ɓacewa. Akwai kuma darasin 1993, lokacin da gwaji da ɗalibai 36 ya nuna jin kiɗan Mozart, wani shahararren mai tsara kiɗa na Turai a zamanin da, ya ɗan ɗaga makinsu a wata jarrabawar siffofi na kamar minti goma zuwa sha biyar. Labarin ya bazu ya zama wai kiɗan yana ƙara wa jarirai basira, har gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a ware dala 105,000 a 1998 don raba wa masu jego faifai. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da wannan da'awa ba. Canjin yanayi na ɗan lokaci abu ne daban, canjin hali na dindindin abu ne daban, kuma babu gwajin da ke sama da ya nuna na biyun.

Inda na ga ƙarfin kiɗa na gaske, inda kuma hujjoji suka fi kauri, shi ne wajen haɗa mutane su zama jiki ɗaya. Wannan ne ya kamata ki fi ba hankali.

A Jami'ar McMaster ta Kanada, Laura Cirelli da Laurel Trainor sun yi wani gwaji a 2014 da jarirai 'yan wata 14. Ana rungume jariri a gaba ana jijjiga shi bisa bugun kiɗa, yana fuskantar wata baƙuwa da ita ma take motsa jiki. Wani lokaci motsinta yana tafiya daidai da nasa, wani lokaci ya saɓa. Bayan an gama sai baƙuwar ta yi kamar abu ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Jariran da suka yi motsi ɗaya da ita sun fi tashi su ɗauko mata. Yaron da bai iya magana ba ke nan, amma jikinsa ya riga ya yanke cewa wannan tawa ce. Da suka ci gaba da gwajin sai suka ga wani abu da ya fi wannan muhimmanci: taimakon yana zuwa ga wadda aka yi motsin tare da ita, yana kuma kaiwa ga wadda jaririn ya ga alamar ƙawarta ce, amma ba ya ƙaruwa ga baƙon da ke zaune gefe bai shiga ba. Tun daga goyo, kiɗa yana shata da'ira, akwai na ciki akwai na waje.

Haka aka gani a Leipzig ta Jamus a 2010, inda Sebastian Kirschner da Michael Tomasello suka sa yara 'yan shekara huɗu wasa bibbiyu. Waɗanda suka yi wasan da waƙa da kiɗa tare sun fi tsayawa su taimaki abokin da kayansa suka zube. Ga manya ma, Scott Wiltermuth da Chip Heath a Jami'ar Stanford sun sa mutane uku-uku su yi tafiya ƙafa ɗaya, ko su rera waƙa tare, a 2009. Daga baya da aka ba su wasan kuɗi wanda sai an amince da juna ake cin riba, sun fi haɗa kai. Waƙar da aka sa su rerawa ma taken ƙasar Kanada ce, su kuma a Amurka suke, don a nuna ba kishin ƙasa ne ya haɗa su ba, rerawar tare ce.

Bahaushe bai jira jami'a ba kafin ya san wannan. Me ya sa ake kiran makaɗi a gayya? Gangar noma tana daidaita saran fartanya, tana sa gajiya ta yi jinkirin zuwa, tana kuma sa saurayin da aka kira sunansa ya ji kunyar ya zama na baya. Kalangu na mahauta ne, kiɗan tauri na 'yan tauri, tambari na sarki, maƙera da mafarauta kowa da nasa take. Ɗan damben da ya ji an buga takensa yana kirari yana tsuma, a wannan lokacin ba ya lissafin ƙashin haƙarƙarinsa. Mata masu daka suna yin lugude da waƙa, masu niƙa ma haka. A ɓangaren ilimi, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta zuba karatun addini a cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci, jajis, wato matan da ta horar su koyar, suna haddacewa suna kai wa matan ƙauyuka, domin abin da aka rera tare yana zama a zuciya kuma yana haɗa masu rerawa. Duka wannan abu ɗaya ne: murya da motsi idan suka daidaita, "ni" yana raguwa, "mu" yana ƙaruwa.

Sai dai "mu" ba kullum alheri ba ne, kuma nan ne tsorona yake. Wiltermuth ɗin nan ya sake wani gwaji a 2012. Mutane sun yi tafiya a bayan mai gwajin, wasu suna daidaita takunsu da nasa, wasu kowa da tafiyarsa. Sannan ya umarce su su zuba ƙananan ƙwari a cikin wata na'ura da aka ce musu tana niƙe su, ko da yake a gaskiya ba ta kashe komai. Waɗanda suka yi taku ɗaya da shi sun fi zuba ƙwari da yawa. Babu ma kiɗa a gwajin, taku kawai. Abin da ke sa ka taimaki ɗan'uwanka a gona shi ne ke sa ka bi umarnin jagora ba tare da ka tsaya ka tambaya ba. Duk rundunar soja a duniya tana fareti da kiɗa da waƙa, kuma ba don ado kaɗai ba.

Misali mafi muni a zamaninmu shi ne Ruwanda a 1994. Gidan rediyon RTLM ya riƙa sa waƙoƙin Simon Bikindi, fitaccen mawaƙin ƙasar, a tsakanin kiraye-kirayen kashe 'yan ƙabilar Tutsi. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta yanke masa ɗaurin shekara 15 a watan Disamba na 2008. Yana da kyau a lura da yadda hukuncin ya kasance. Kotun ta yarda cewa an yi amfani da waƙoƙinsa wajen rura ƙiyayya, amma laifin da ta kama shi da shi shi ne jawabin da ya yi da lasifika a kan hanya a watan Yuni na 1994 yana kiran a kashe mutane. Waƙar ta yi aiki ne a cikin taro, da jagorori, da makamai, da ƙiyayyar da aka daɗe ana shukawa. Ita kaɗai a kunnen mutum ɗaya a ɗakinsa ba ta yi wannan ɓarna ba. Mu ma a nan mun san yadda waƙar siyasa mai zambo ke dumama matasa a lokacin yaƙin neman zaɓe, har abokin hamayya ya daina zama maƙwabci a idonsu. Ni wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da gambarar da yaro ke ji shi kaɗai yana wanke takalminsa.

Yanzu maganar baitoci, tunda su ne ainihin ƙorafin kawunsa. Craig Anderson da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Iowa sun yi gwaje-gwaje biyar da ɗalibai fiye da 500 a 2003. Waɗanda suka ji waƙoƙi masu baitocin duka da kisa, jim kaɗan bayan nan sun fi jin gaba a rai, kuma idan aka ba su kalmar da aka cire wa harafi su cike, sun fi cike ta da kalmar faɗa. Tobias Greitemeyer ya nuna kishiyar haka a 2009: waƙoƙin tausayi da taimako suna ɗan ƙara saurin taimako. Don haka kalmomi suna da tasiri, kuma ba zan ce miki ki yi watsi da abin da ake faɗa a waƙar ba. Waƙar da ke wulaƙanta mata, ko take ɗaukaka shaye-shaye da kuɗin haram, idan ana nanata ta safe da yamma tana iya mayar da abin ƙyama abin da kunne ya saba da shi. Amma ga abin da aka gani ga masu jin irin wannan kiɗa shekara da shekaru. A Jami'ar Macquarie ta Ostireliya, Bill Thompson da tawagarsa sun gwada masoya nau'i mafi tsanani na metal, wani kiɗan Turawa mai ƙara da hayaniya, wanda baitocinsa jini ne da mutuwa, a 2019. Sun samu hotunan ta'asa suna fizgar hankalinsu kamar yadda suke fizgar na kowa, zuciyarsu ba ta bushe ba. A Jami'ar Queensland kuma, Leah Sharman da Genevieve Dingle sun fusata masoya irin wannan kiɗa su 39 da gangan a 2015, sannan suka bar su su ji abin da suke so na minti goma. Fushin bai ƙaru ba, ya sauka. Ga mai sonsa, kiɗa mai zafi sau da yawa hanyar sauke zafi ce.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 miladiyya, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan sauraro, inda ya kawo maganar magabata cewa sauraro ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, yana dai motsa abin da ke ciki. A iya abin da aka auna, wannan magana ta fi kusa da gaskiya fiye da tsoron da ake yi cewa waƙa ita kaɗai tana mayar da yaron kirki ɗan iska. Abin da zan ƙara a kai shi ne taro yana iya tura mutum ya wuce abin da ke zuciyarsa shi kaɗai, kamar yadda muka gani.

Mu dawo kan hukuncin kawu, wanda shi ne rabin tambayarki na biyu. Gaskiya ne mutane suna karanta juna ta hanyar kiɗa. Peter Rentfrow da Samuel Gosling a Jami'ar Texas sun haɗa ɗaliban da ba su san juna ba su yi hira ta intanet na mako shida, a binciken da suka fitar a 2006, sai ya zamana kiɗa ne batun da suka fi tattaunawa don sanin juna. Yara ma haka suke. Gaye Soley da Elizabeth Spelke sun nuna a 2016 cewa 'yan shekara huɗu zuwa biyar sun fi zaɓen abota da yaron da ya san waƙar da suka sani. Wato tun muna ƙanana waƙa take zama mana alamar wane namu ne. Amma yin amfani da alama abu ɗaya ne, ingancin alamar wani abu ne. A 2017 Thomas Schäfer da Claudia Mehlhorn sun haɗa bincike 28 da suka ƙunshi mutum fiye da 260,000, suna neman alaƙar halin mutum da irin kiɗan da yake so. Alaƙar da suka samu ƙarama ce ƙwarai, a mafi yawan wurare kusan babu. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Queen Mary ta Landan da wata cibiya a Turin ta Italiya sun sa kwamfuta ta nazarci mawaƙan da mutum fiye da 1,400 suka nuna suna so a Facebook, don ta yi hasashen ɗabi'un da suka fi ba muhimmanci, kamar tausayi da adalci da biyayya. Ta ɗan fi canki-canki, amma kaɗan. Irin wannan sakamako yana iya faɗa maka wani abu game da taron mutum dubu. Game da yaro ɗaya, mahaifiyarsa ta fi kwamfutar sani nesa ba kusa ba.

Gwajin da nake so kawunsa ya ji shi ne na Carrie Fried a 1996. Ta ɗauko baitocin wata tsohuwar waƙar gargajiyar Amurka ta 1960, wadda ke ba da labarin wani da ya harbe ɗan sanda, ta rubuta su a takarda. Wasu mutane ta ce musu gambara ce, wasu ta ce musu waƙar ƙauyen Turawa ce. Wasu ta nuna musu hoton mawaƙi baƙar fata, wasu hoton fari. Kalmomin ba su canza ko ɗaya ba. Amma waɗanda aka ce wa gambara ce, ko aka nuna wa baƙin mutum, sun fi cewa waƙar tana da haɗari, ya kamata hukuma ta sa mata takunkumi. Bayan shekara ashirin, a 2016, Adam Dunbar da Charis Kubrin da Nicholas Scurich sun maimaita gwajin a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, suka sake samun cewa da zarar an ce gambara ce, mutane sun fi ɗaukar baitocin a matsayin labarin gaske na mawaƙin, ba ƙirƙira ba. Abin bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun sha karanta wa kotu baitocin gambara a matsayin shaidar cewa wanda ake tuhuma mugu ne, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 da ke taƙaita hakan. Ma'anar wannan a fili take: sau da yawa idan muka ce muna yanke wa kiɗa hukunci, mutanen da muke dangantawa da kiɗan muke yanke wa.

A ƙasar Hausa ma muna da namu. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1957 yadda maroƙi yake riƙe da ma'aunin mutunci a gari: shi ke yabon kyauta da asali da jarumta, shi ke yi wa marowaci zambo, manya suna tsoron bakinsa, amma shi kansa ana ajiye shi a ƙasan jerin sana'o'i. Har gobe akwai gidajen da za su yi rawa da kiɗan mutum a biki amma ba za su ba ɗansa aure ba. Goge ya daɗe yana ɗauke da tabon alaƙarsa da bori da gidajen mata masu zaman kansu, ko da wanda ke jansa mutumin kirki ne. Mamman Shata ya fito daga cikin wannan sana'a da ake rainawa, sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, yau kuma ana rubuta kundin digiri a kan hikimarsa. Kakannin da suka yi faɗa da 'ya'yansu a kan waƙoƙin Indiya, 'ya'yan nan su ne suka yi faɗa da nasu a kan waƙoƙin fim, su ne kuma yau ke faɗa da jikoki a kan gambara. Ba ina cewa duk damuwar iyaye banza ce ba. Ina cewa ƙyamar da kunne ke yi wa sautin da bai saba da shi ba tana da saurin shigar rigar tarbiyya, mai ita ma bai lura ba.

Kuma akwai cutarwa a hukuncin da kawu ya yanke, wadda nake so a duba da gaske. Yaro mai shekara 17 yana neman inda za a ce da shi "namu". Idan dangi suka rufe masa ƙofa saboda abin da ke kunnensa, ba zai zauna shi kaɗai ba, zai nemi wata da'irar, kuma wadda za ta karɓe shi hannu bibbiyu ba lalle ta zama wadda kike so ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a nan binciken zamani bai saɓa musu ba: abokan da matashi ke yawo da su suna cikin manyan abubuwan da ke nuna inda zai dosa. Raba shi da 'yan'uwansa na jini, waɗanda kin san tarbiyyarsu, raba shi ne da kariyarsa.

Abin da zan ba ki shawara shi ne ki zauna da shi ba da faɗa ba, ki ce ya zaɓo waƙoƙi biyu ko uku da ya fi so ya fassara miki su da Hausa, baiti-baiti. Waƙar da ya ji nauyin fassarawa a gabanki, shi da kansa ya gane akwai magana a ciki, daga nan hira ta buɗe: me ya sa mawaƙin ya faɗi haka, kai ka yarda da shi, za ka so a faɗa wa ƙanwarka wannan? Dalilin da na fi son wannan a kan ƙwace waya shi ne tasirin kiɗa a kan hukunci ya fi ƙarfi lokacin da mutum bai lura ba, kamar masu jin tallan Ziv. Da zarar an sa hankali a kan kalmomin, hankali ya dawo bakin aikinsa. Za ki iya tarar da cewa wasu waƙoƙin labarin talauci ne da zaluncin 'yan sanda da kewar uwa, wasu kuma shirme ne da batsa, kuma kina da cikakken iko ki ce na biyun ba za a ji su a gidanki ba. Ki kuma san inda yake zuwa jin kiɗa a cikin taro, da su wa, da abin da ake sha a wurin. Kawunsa kuma, tunda yayanki ne, ki same shi cikin girmamawa ki roƙe shi ya auna yaron da abin da ake gani: sallarsa, gaskiyarsa a kan kuɗi, yadda yake yi wa ƙannensa da na ƙasa da shi, cika alkawarinsa.

Akwai wata alama guda da nake so ki sa wa ido, wadda ba ta da alaƙa da irin kiɗan. Suvi Saarikallio ta Finlan da Katrina McFerran ta Ostireliya da abokin aikinsu sun fitar da wani ma'auni a 2015 na yadda matasa ke amfani da kiɗa. Sun samu cewa matashin da ke jin kiɗa don ya huce ko ya ji kusanci da abokai yana cikin lafiya. Wanda kuma ke ɓuya a cikinsa don guje wa mutane, yana nanata waƙa ɗaya da ke tuno masa baƙin ciki, yana tashi daga sauraro ransa ya fi ɓaci amma ya kasa dainawa, shi ne ya fi kusa da ciwon damuwa. Idan kika ga haka tare da rashin barci, ko ƙin cin abinci, ko faɗuwar karatu, ko janye jiki daga abokansa har sama da mako biyu, to kiɗan alama ce ta wani ciwo da ke ƙasa, kuma sai ki kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara a asibiti mafi kusa da ku.